Furen Yini: Zaɓen Iri Mai Ƙwari da Renonsa a Lambun Gida

Shirin noma da lambu na wannan mako zai tsaya ne a kan wata shukar ado wadda masana tsirrai suke kira Hemerocallis, wadda za a riƙa ambata da sunan furen yini har ƙarshen shirin, domin kowane fure nata yini ɗaya rak yake yi a buɗe, kafin wayewar gari ya riga ya yanƙwane. Abin da shirin yake son tabbatarwa shi ne cewa ƙwarin wannan shuka da daɗewarta a lambu ana gane su ne daga saiwa da ganye da kara, da kuma dacewar irin da aka zaɓa da yanayin ƙasar da za a dasa shi, kyawun fuskar furen kuwa shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya duba.

Asalin furen yini gabashin nahiyar Asiya ne, wato Sin da Koriya da Japan da gabashin Siberiya, inda yake tsirowa da kansa a gangaren duwatsu da filayen ciyawa da bakin dazuzzuka. Mutanen Sin sun daɗe suna nomansa domin abinci da magani tun kafin ya zama abin ado a wasu nahiyoyi, kuma har yanzu ana noma nau'in da ake kira Hemerocallis citrina a manyan gonaki a yankin Datong na lardin Shanxi da gundumar Qidong ta lardin Hunan, inda ake tsinke furen tun bai buɗe ba, a turara shi, a shanya, sannan a kai kasuwa domin miya. A ƙarni na 16 masana tsirrai na Turai sun riga sun san nau'i biyu, mai ruwan ɗorawa da mai ruwan lemo, a shekarar 1753 kuma Carl Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, ya tabbatar wa shukar sunan da kimiyya take amfani da shi har yau. Turawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka ta Arewa sun tafi da shi, a can ne mai ruwan lemon, wato Hemerocallis fulva, ya fice daga lambuna ya bazu a bakin hanyoyi da magudanan ruwa, har ta kai ga a wasu yankuna ana lissafa shi cikin tsirrai masu mamaye wuri suna danne na asali.

Kafin a shiga batun zaɓe, ya kamata a fahimci ƙirar shukar, domin a kan sassanta ake yanke hukunci. Furen yini ba ya cikin dangin furen da ake kira Lilium, duk da kamannin da ke tsakaninsu, saboda shi Lilium daga kai irin na albasa yake fitowa, shi kuwa furen yini saiwoyi yake da su masu kauri da tsoka, wasunsu a kumbure, waɗanda suke tara ruwa da abinci, kuma su ne sirrin jurewarsa ga fari. A saman saiwoyin akwai wani ɗan farin sashe mai tauri wanda za a kira wuyan shuka, wato mahaɗar saiwa da ganye, daga nan ne ganye da karan fure da sababbin tsiro duka suke fitowa, saboda haka idan wuyan ya ruɓe shukar ta mutu ke nan. Ganyen dogaye ne sirara, suna fitowa daura da juna a jere kamar mafici, shi ya sa masu sana'ar suke kiran kowane tsiro guda da sunan mafici, kuma da wannan ma'auni ake sayar da shukar. Daga tsakiyar ganyen ne kara yake miƙewa, ba shi da ganye a jikinsa, ya yi rassa a sama, kowane reshe ya ɗauki ƙunshin fure, wato furen da bai buɗe ba tukuna. Tunda kowane fure yini ɗaya yake yi, tsawon lokacin da shuka za ta ɗauka tana ƙawata lambu ya dogara ne ga yawan ƙunshin da ke kan kara da yawan karan da tushe ɗaya yake fitarwa.

Yawan ire-iren da ake gani yanzu ya samo asali ne daga aikin haɗa iri, wato ɗaukar ƙurar fure daga wata shuka a shafa wa wata domin a sami 'ya'ya masu sabuwar siffa. George Yeld, wani malamin makaranta a Ingila, yana cikin waɗanda suka fara wannan aiki a ƙarshen ƙarni na 19, amma wanda ya ɗora shi a kan tsarin kimiyya shi ne Arlow Burdette Stout na lambun nazarin tsirrai na birnin New York, wanda ya yi dubban gwaje-gwajen haɗa iri, ya kuma wallafa littafi a kan shukar a shekarar 1934. A 1946 aka kafa ƙungiyar masu sha'awar furen yini a Amurka, wadda tun 1955 take riƙe da rajistar sunayen ire-irensa na duniya baki ɗaya, kuma sunayen da ke cikin rajistar sun haura 80,000. Wannan yalwa alheri ce, amma tana tattare da tarko, domin da yawa daga cikin sababbin ire-iren an zaɓe su ne saboda girman fure ko zanen da ke tsakiyarsa ko lanƙwasar bakinsa, kuma an gwada su ne a lambun wanda ya ƙirƙire su kaɗai, a ƙarƙashin kulawar da mai lambun gida ba zai iya bayarwa ba.

Ma'auni na farko wajen zaɓe shi ne ɗabi'ar ganye, wadda masana suka kasa gida uku. Kashi na farko shi ne mai barcin hunturu, wanda ganyensa yake mutuwa gaba ɗaya idan sanyi ya shigo, wuyan ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa har sai ɗumi ya dawo. Irin wannan shi ya fi jure dusar ƙanƙara, shi ake so a Kanada da arewacin Amurka da arewacin Turai. Kashi na biyu shi ne mai ganye kore a duk shekara, wanda ba ya tsayar da girma sai dai ya rage, kuma shi ya fi dacewa da wurare masu ɗumi irin jihar Fulorida. Kashi na uku yana tsakanin biyun, yakan bi yanayin wurin da ya samu kansa. Idan aka dasa mai barcin hunturu a ƙasar da ba ta yin sanyi mai tsanani, sau da yawa yakan riƙa raguwa shekara bayan shekara saboda bai sami hutun da jikinsa ya saba da shi ba, haka nan mai koren ganye yakan sha wahala inda ƙasa take daskarewa tana narkewa. Ga mai sauraro da ke zaune a ƙasa mai zafi, wannan yana nufin kashi na biyu shi ne abin nema, kuma wurare masu tsayi da sanyin dare, irin tsaunukan Jos da Mambila, sun fi kusa da yanayin da shukar take so fiye da filayen da zafin bazara yake tsananta.

Ma'auni na biyu shi ne kara da abin da yake ɗauke da shi. Iri mai nagarta yakan fitar da kara mai rassa uku ko fiye, da ƙunshin fure 15 zuwa 20 ko sama da haka, ta yadda kara guda zai yi makonni yana buɗe fure bi da bi, alhali iri mai ƙunshi shida ko bakwai, komai kyawunsa, cikin ɗan lokaci zai gama. Ana kuma son karan ya ɗaga furen sama da ganye, ya tsaya da kansa ba tare da an kafa masa sanda ba, ko da bayan ruwan sama da iska. A nan ne ake yawan jin maganar kuromozom, wato zaren da ke cikin ƙwayar halitta wanda yake ɗauke da gadon siffofi. Furen yini na asali yawanci yana da kuromozom 22, amma tun tsakiyar ƙarni na 20 masu haɗa iri suka yi amfani da sinadarin kolcisin suka ninka adadin ya zama 44, sai aka sami ire-ire masu kauri a kara da ganye da kunnuwan fure. Sai dai ninkin kuromozom shi kaɗai ba ya tabbatar da ƙwari, domin akwai masu 22 da suka shafe shekaru da dama suna bunƙasa a lambuna ba tare da wata kulawa ba, akwai kuma masu 44 da nauyin furensu yake rinjayar karansu.

Ma'auni na uku shi ne lokacin fure da launinsa. Akwai ire-ire masu saurin fure a farkon kakarsu, da na tsakiya, da masu jinkiri, kuma wanda ya haɗa ukun a lambu ɗaya zai iya samun fure na tsawon watanni maimakon makonni. Akwai kuma masu maimaitawa, waɗanda suke sake fitar da sabon kara bayan na farko ya gama. Dangane da launi, ana samun furen yini a ruwan ɗorawa da ruwan lemo da ja da ruwan hoda da shunayya da mai kusa da fari, amma babu shuɗi na haƙiƙa, don haka duk hoton talla da ya nuna shuɗin furen yini abin tuhuma ne. Launuka masu haske sun fi jure rana, su kuwa ja mai duhu da shunayya suna zuƙar zafi, sukan koɗe ko su yi laushi da tsakar rana, saboda haka sun fi son wurin da inuwa take sauka bayan azahar.

Akwai ire-iren da zamani ya riga ya gwada, kuma su ne mafi aminci ga mai farawa. Hyperion, wanda Franklin Mead ya fitar a 1924, dogo ne mai kusan mita ɗaya, furensa ruwan ɗorawa mai haske da ƙamshi, kuma har yau ana dasa shi. Stella de Oro, wanda Walter Jablonski ya yi wa rajista a 1975, gajere ne mai kimanin santimita 30, yana maimaita fure, ya kuma karɓi lambar yabo ta Stout a 1985, wadda ita ce mafi girma da ƙungiyar masu sha'awar furen yini take bai wa iri. Happy Returns na Darrel Apps, wanda ya fito a 1986, ya gaji wannan ɗabi'a ta maimaitawa. Amma duka ukun masu barcin hunturu ne, wanda yake nuna cewa shaharar iri a wata ƙasa ba hujja ba ce ta dacewarsa da kowace ƙasa, kuma shaidar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ganin irin yana bunƙasa a lambun maƙwabci ko a wurin mai renon tsirrai na yankin, shekara uku ko huɗu a jere.

Masu sauraro, wannan shi ne abin da ya shafi zaɓe, kashi na biyu na shirin kuma zai duba saye da dasawa da kulawa.

A wurin saye, ana son shuka mai mafici biyu ko fiye, wadda wuyanta yake da tauri idan an latsa, saiwoyinta cikakku ba su yanƙwane ba kuma ba sa wari, sannan a juya ganyen a duba bayansa ko akwai ɗigo-ɗigo. Ya kamata a sani cewa ƙwayar iri da aka tsinka daga furen da aka haɗa ba ta maimaita siffar uwarta, saboda haka wanda yake son wani iri mai suna, sai ya nemi tsiron da aka raba daga tushe. Idan shukar ta zo da saiwa tsirara, ba ƙasa a jikinta, ana jiƙa saiwar cikin ruwa na 'yan sa'o'i kafin a dasa.

Wurin dasawa yana buƙatar rana ta aƙalla sa'o'i shida a yini, domin a inuwa mai yawa shukar takan yi ganye ta ƙi fure, kuma ba a son gindin manyan itatuwa saboda saiwoyinsu suna ƙwace ruwa da taki. Furen yini yana karɓar ƙasa iri-iri, amma ya fi son wadda take riƙe danshi ba tare da ruwa ya kwanta ba, mai ɗan tsami kaɗan, wato tsakanin 6 da 7 a ma'aunin tsamin ƙasa. Ƙasa mai laka ana gyara ta da ruɓaɓɓen taki a kuma ɗaga ta ta zama kunya domin ruwa ya tsiyaye, ita ma jigawa taki take buƙata domin ta riƙe danshi. Ana sassauta ƙasar zuwa zurfin santimita 30, a haƙa rami wanda ya fi saiwar faɗi, a tara ɗan tudu a tsakiyarsa, a ɗora wuyan shukar a kan tudun, a baza saiwoyin su gangara ta kowane gefe, sannan a mayar da ƙasa a danna ta a hankali, a ba da ruwa sosai. Ƙa'idar da ba a saɓa wa ita ce kada ƙasar da ke kan wuyan ta wuce santimita 2.5, domin dasawa da zurfi tana hana fure tana kuma jawo ruɓewa. Tsakanin shuka da shuka ana barin santimita 45 zuwa 60, saboda tushen yana faɗaɗa kowace shekara.

Duk da cewa shukar tana jure fari idan ta kafu, yawan fure da girmansa suna bin ruwan da ta samu, musamman a lokacin da kara yake fitowa da lokacin da ƙunshi yake cika. Ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne kimanin lita 25 ga kowace murabba'in mita a mako, ko daga sama ko daga ban ruwa, kuma ban ruwa mai zurfi sau ɗaya ko biyu a mako ya fi yayyafi na kullum, domin shi yake sa saiwa ta nutsa. Ana zuba ruwan a gindi da safe maimakon a jiƙa ganye da yamma. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ruɓaɓɓen ganye a kewayen shuka yana rage ƙafewar ƙasa da fitowar ciyayi, muddin ba a rufe wuyan ba. Game da taki, ruɓaɓɓen takin gargajiya ko ɗan takin zamani a farkon lokacin girma ya wadatar, yawan naitirojin kuwa, wato sinadarin da yake haɓaka ganye, yakan sa ganye ya yi yawa ya yi laushi fure ya ragu. Cire furen da ya yanƙwane yana gyara kamannin lambu, cire kwanson iri kuma yana hana shukar ɓata ƙarfinta, idan kara ya gama aikinsa sai a yanke shi daga gindi.

Bayan shekara uku zuwa biyar tushen yakan cunkushe, alamar hakan ita ce raguwar fure, a nan ne ake rabawa. Ana tono tushen gaba ɗaya, a karkaɗe ko a wanke ƙasar, a raba shi da hannu ko da wuƙa mai tsabta zuwa ɓangarori masu mafici biyu ko uku, a rage tsawon ganye zuwa santimita 15 ko 20, sannan a sake dasawa. A ƙasashe masu hunturu ana yin wannan a farkon ɗumi ko bayan an gama fure, da sharaɗin a bar wa saiwa kimanin makonni shida ta kama kafin ƙasa ta daskare, a ƙasashe masu zafi kuwa ana guje wa tsananin zafi da tsakiyar damina, saboda raunin da wuƙa ta yi, idan ya haɗu da zafi da danshi, ƙofa ce ga ruɓewar wuya.

An daɗe ana ɗaukar furen yini a matsayin shukar da cuta ba ta dame ta ba, amma a shekarar 2000 aka gano cutar tsatsa a jihar Jojiya ta Amurka, cikin ɗan lokaci kuma ta bazu ta hanyar cinikin tsirrai. Wata ƙwayar cuta ce ta dangin fumfuna mai suna Puccinia hemerocallidis take haddasa ta, asalinta ita ma gabashin Asiya ne, alamarta kuma ƙuraje ne masu ruwan lemo a bayan ganye, waɗanda idan aka goga musu farin ƙyalle sukan bar gari mai launi. Ƙwayar tana rayuwa ne a kan ɗanyen ganye, saboda haka ta fi addabar wurare masu ɗumi da danshi inda ganye ba ya mutuwa, wato ire-iren da suka dace da ƙasa mai zafi su ne suka fi fuskantar barazanarta, abin da ya sa tambayar juriyar iri ga tsatsa ta zama wajibi ga mai saye a irin waɗannan wurare. Rigakafinta shi ne a keɓe sabuwar shuka na wani lokaci kafin a haɗa ta da sauran, a bar tazara domin iska ta ratsa, a cire ganyen da ya kamu a ƙone ko a binne, idan abin ya ta'azzara a nemi shawarar malamin gona game da maganin feshi. Cikin ƙwari akwai darɓa da wasu ƙananan masu tsotsar ganye da ƙunshi, musamman a lokacin zafi da rani, a Turai kuma akwai wani ɗan ƙuda da tsutsarsa take kumbura ƙunshin ire-ire masu saurin fure ta hana su buɗewa, maganinsa shi ne tsinke ƙunshin da ya kumbura a lalata shi.

Akwai gargaɗi biyu da bai kamata a tsallake ba. Na farko, kowane sashe na furen yini guba ne ga kyanwa, ko ɗan kaɗan ta ci yana iya kashe mata ƙoda, saboda haka gidan da ake kiwon kyanwa sai ya nisanta ta da shukar, idan kuma ta ci a gaggauta kai ta wurin likitan dabbobi. Na biyu, kasancewar ana cin wani nau'i a Sin bayan an turara an shanya ba ya nufin kowane furen ado na ci ne, balle wanda aka yi wa feshin magani, kuma akwai tsirrai masu guba da suke kama da shi.

A taƙaice, masu sauraro, duk wanda yake son furen yini mai ƙwari, ya fara da tambayar ko irin ya dace da yanayin garinsa, ya ƙirga ƙunshin da ke kan kara, ya latsa wuyan, ya duba bayan ganye, ya dasa a rana ba tare da zurfafawa ba, ya kuma raba tushen idan ya cunkushe. Mai farawa ya wadatu da iri biyu ko uku da aka riga aka gwada a yankinsa, ya lura da su shekara biyu kafin ya ƙara wasu. Nan shirin na wannan mako ya kawo ƙarshe, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai rai.